Shagon Baba mai tsofaffin kuɗi a Kurmi: guda 14 na kai, biyu suka tsallake

Ni tela ne a Fagge, shekarata 22 a kan keke, kuma ban taɓa zaton wata rana zan rufe shago da hantsi in nufi Kasuwar Kurmi da gwangwanin madara a aljihun babbar riga ba. Kayan kakarmu ne suka kai ni, Allah Ya jiƙanta. Da aka zo kwashe ɗakinta bayan sadakar arba'in, sai aka tarar da gwangwanin nan a ƙarƙashin gadon ƙarfe, an ɗaure bakinsa da tsumman atamfa. Da muka zazzage a tabarma, ga anini, ga ɗari, ga kwabo mai huji, ga taro da sisi da sulalla, fataka uku, liyari guda mai mariƙi, da 'yan kwabban bayan canjin kuɗi na 1973, sai wuri kamar goma da suka yi ja don tsufa.

Da ta ni ce, da na raba wa jikoki kowa ya ajiye na tunawa. Amma ɗan yayata, wanda waya ba ta barin hannunsa, ya ce kada wanda ya taɓa. Wai ya gani a Facebook cewa kuɗin da aka yi kuskure wajen buga shi ya fi lafiyayye tsada nesa ba kusa ba. Ya nuna mini kwabo 20 na Ingila wanda ya fito a 2008 babu shekara a jikinsa ko ta wane gefe, masu tara kuɗi suna rububinsa. Wannan gaskiya ne, ya faru. Daga nan yaro ya zauna ya ware guda 14, duk wanda ya ga ya karkace ko ya gutsure ko ya lotse ya ce mai kuskure ne, har ya fara lissafin babur. Ni kuma na tafka tawa wautar: daren da zan tafi na jiƙa rabinsu a ruwan tsamiya, na dirje da toka har suka yi ƙyalli, don a sana'armu ba a miƙa wa mai kaya riga sai an goge ta.

Shagon yana can cikin Kurmi, wajen masu kayan gargajiya, inda ake rataye takubba da linzami da tsakiya da jakunkunan fata. Ba shi da allo, ba shi da suna. Ka ce kana neman dattijon da ke duba tsofaffin kuɗi, za a haɗa ka da yaro ya raka ka. Mota ba ta shiga lungunan nan, a bakin titi za ka sauka daga adaidaita sahu ka taka. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma duhu ne da shi ko da rana tsaka, shi ya sa duk dubawar a bakin ƙofa ake yinta, mai shagon a kan buzu, kai a kan benci, masu wucewa suna gogar kafaɗarka. Kayan aikinsa kaɗan ne: gilashin ido irin na masu gyaran agogo, ƙaramin sikeli mai batir irin na masu zinariya, mayen ƙarfe, wani yankin ƙyalle baƙi, da wani littafin Turanci mai kauri wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, kuɗin kakata ne na kawo a duba mini, an ce akwai masu kuskure." Ya ce naira 2,000 ne kuɗin dubawa, ko a samu ko kada a samu, kuma kafin a fara ake biya. Na ɗan ji wani iri. Daga baya na gane amfanin hakan: tunda ya riga ya karɓi ladansa, ba ya buƙatar ya yi mini daɗin baki don in dawo.

Ya tambayi sana'ata, na gaya masa. Ya ce, "To ɗana, aikin ya zo da sauƙi. Ka san atamfar da zanenta ya goce tun daga masaƙa, ka kuma san wadda dutsen guga ya ƙona. Duk biyun aibi ne, amma ɗaya da shi aka haife ta." Ya ce kuɗi a wuri uku kawai yake samun kuskure: ko a ɗanyen faifan ƙarfen kafin a buga, ko a jikin hatimin da ke bugawa, ko a bugun kansa. Da zarar ya faɗo daga inji, duk abin da ya same shi kuma wahalar duniya ce, kuma ba mai sayen wahalar duniya. Tambayarsa a kan kowane kwabo guda ce: injin zai iya yin wannan, ko sai hannun mutum?

Ya fara da masu sauƙi, yana turawa gefe da ɗan yatsa. Anini biyu da suke da wani zagaye lotsattse kewaye da hujinsu, waɗanda ɗan yayata ya ce an buga musu huji sau biyu, Baba ya ce kan ƙusa ne. A da magina suna sa anini a matsayin washa idan suna buga kwanon rufi, tunda kashi ɗaya cikin goma na kwabo ne, ya fi washar kanti araha. Ga ma tsatsar ƙusar nan ta rine wurin. Wani kwabo da ya baje ya yi faɗi ya zama kamar ƙwai, rubutunsa ya shafe gaba da baya, ko gilashi bai ɗauka ba ya ce jirgin ƙasa ne ya taka shi. Nan na yi dariya, don mu ma muna yara mun sha ɗora kwabo a kan dogo mu laɓe mu jira jirgi, kuma da alama tun zuwan dogo Kano a 1911 yaran Fagge ba su fasa ba.

Sulen azurfa na 1913 mai bishiyar kwakwa, wanda ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, sikeli ne ya yanke masa hukunci. Ya kamata ya yi giram 5.65, namu bai kai 5 ba, kuma zanen tsaga-tsagan gefensa ya ɓace. A ƙarƙashin gilashi sai ga sawun magagari layi-layi a kewaye. Wani maƙerin fari ne ya ɗan ci azurfar gefen ya sake shi cikin kasuwa. Baba ya ce da a kan faifan wani kuɗin daban aka buga shi bisa kuskure, nauyinsa zai dace da na wancan kuɗin daidai, ba ya tsaya a tsakani ba. Wanda kuma aka jiƙa a ruwan batir yakan sirance gaba ɗaya, fuskarsa ta yi dishi-dishi kamar an lasa.

Inda ya daɗe shi ne kan kwabbai biyu masu gutsure. Dukansu masu huji ne, masu tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a gaba, kuma kowanne an cire masa wani yanki a gefe kamar an ciza. A idona tagwaye ne. Ya shimfiɗa su a baƙin ƙyallen ya ba ni gilashin ya ce in fara da na hagu. Wurin yankan ya yi kaifi, bakin kwabon mai tudu ya zo da cikakken tsayinsa har inda aka yanke sannan ya katse tashi ɗaya, haruffan da ke kusa suna nan da ƙarfinsu an raba su biyu, kuma kwabon ya ɗan lanƙwashe a wurin. Ya ce almakashin masu kwano ne. An gama buga kwabon lafiya lau, daga baya wani ya yanke.

Na dama kuwa, na jar tagulla ne na 1952 mai sunan Sarki George na Shida, da ɗan harafin H ƙanƙane wanda ya ce alamar ma'aikatar Heaton ce a Birmingham, kamar yadda KN take alamar ta King's Norton. Gutsurensa lanƙwasasshe ne sumul, kamar jinjirin wata. Ya ɗauko wani kwabo lafiyayye ya kara gefensa a wurin, sai ya zauna a ciki kusan daidai. Ya ce, "Ka shimfiɗa yadi kana yanke da'ira, ba ka ja yadin sosai ba ka sake yanka, me zai faru?" Na ce na biyun zai ci wurin da na farko ya fita. Ya ce haka injin yanka faifai yake yi idan fallen ƙarfen bai matsa yadda ya kamata ba. Sannan ya nuna mini shaidu biyu da almakashi ba zai iya kawowa ba. Na farko, bakin kwabon yana kwanciya a hankali yayin da ya doshi gutsuren, haruffan wurin ma sun yi laushi sun miƙe wajen ramin, domin lokacin da hatimi ya danna, ƙarfen ya gudu ya nufi inda babu kowa. Na biyun shi ne ya sa na saki baki. Ya ce in bar gutsuren in duba can ɗaya gefen da ke fuskantarsa. A nan ma bakin ya yi rauni, ya kusa shafewa, alhali ba abin da ya taɓa wurin. Dalili kuwa, kafin a buga faifai ana murza shi ta cikin wani inji mai matse gefe don ya tayar masa da baki, to idan wurin gutsuren ya zo babu abin da injin zai tokara, sai kishiyar wurin ma ta rasa matsi. Ya ce ba kowane mai gutsuren gaske ne yake nuna wannan sosai ba, amma in ka gan shi, magana ta ƙare. Wannan shi ne na farko da ya tsallake, kuma Allah Ya taimake ni yana aljihun ɗan yayata daren tsamiya, ya tafi da shi ɗaukar hoto.

Na biyun bai yi wannan sa'ar ba. Kwabo 25 ne na 1973, mai hoton dalar gyaɗa, da wani siririn layi da ya taso daga baki ya ratsa cikin rubutu yana karkacewa kamar tsagar bango. Baba ya sa ni in bi layin da tsinken sakace a hankali. Tsinken hawa yake yi, ba faɗawa ba. Ya ce hatimi juyayye ne, abin da ya lotsa a jikinsa shi yake tasowa a jikin kuɗi, don haka idan hatimi ya tsage saboda yawan bugu, ƙarfe yana shiga tsagar ya fito da layi mai tudu. Ƙarzuwa kuwa rami ce, kuma in ka duba da kyau za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru gefe da gefe kamar inda garma ta wuce. Ya ce wannan na gaske ne, ko da yake irinsa ba ya tsada, don hatimi ɗaya mai tsaga yana iya buga dubbai kafin a cire shi. Sai ya juya shi a rana, ya ga ƙananan zane-zanen da toka ta bari, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi. "Wa ya wanke?" Na ce ni ne, Baba. Ya yi salati, ya ce launin da shekaru suka ɗora wa kuɗi shi ne rigarsa, na tuɓe masa riga kuma ba tela a duniya da zai mayar. Na yi shiru, maƙwabcinsa mai sayar da takubba yana ta ƙunshe dariya.

Akwai wanda ni kaina na sa wa rai: kwabon da rubutu ya fito a kansa a juye, a lotse, bisa nasa rubutun. Baba ya ce akwai kuskure na gaske mai kama da haka, idan kuɗin da aka buga ya maƙale a hatimi ya zama shi ne yake bugun na bayansa. Amma a irin wannan, fuska ɗaya tana fitowa cikakkiya ba tabo, ɗayar kuma hoton waccan ne a juye a lotse. Namu kuwa bayansa ya daku ya baje, kuma ya daina zama da'ira. An ɗora kwabo kan kwabo ne an sa guduma. Fatakar 1959 mai hoton gyaɗa, wadda haruffanta suke da inuwa kamar an rubuta sau biyu, ya ce daga ma'aikata ne amma girgizar hatimi ce kawai, inuwar a kwance take kamar matakala kuma ta rage wa harafin kauri. Wanda ake nema shi ne wanda hatimin kansa aka sassaƙa shi da ninki, haruffa biyun duk masu tudu, ƙarshensu a rabe, irin kwabon Amurka na 1955 da ya buɗe littafinsa ya nuna mini.

Sauran biyun da ɗan yayata ya fi ɗora wa buri ba su ma da aibi, tarihi ne kawai bai sani ba. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki bai cika shekara ba, yaro ya karanta cewa a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba. Haka ne, amma an buga wa Afirka ta Yamma, tunda kwabo mai huji ba ya buƙatar hoton kan sarki, suna kawai ake sawa, kuma an buga da yawan gaske. Baba ya miƙa hannu ya sauko da wata waya da ya zura irinsu sun fi 30. Liyarin kuma mai shekarar 1780, ya ce duk liyarin Mariya Tariza da aka ci gaba da bugawa bayan rasuwarta a shekarar nan 1780 ɗin ake sa masa, ko a Biyana aka buga ko a Landan ko a Bombai, don haka shekarar ba ta nuna tsufansa. Azurfa ce mai kyau, giram 28, amma mariƙin da aka liƙa masa don ratayawa a wuya ya mai da shi kayan ado, kuɗin azurfarsa kawai zai yi. Wannan bai dame ni ba, dama innata na yi niyyar ba wa.

Abin da ya ce in riƙa dubawa shi ne wanda Turawa suke kira alfadari, wato gaba ta wani kuɗi, baya ta wani, kamar kwabo 20 ɗin nan na Ingila da aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, shekara ta faɗi a tsakani. Ya ce a namu ma akwai: kwabon 1956 mai ɗauke da sunan George na Shida, alhali sarkin ya rasu tun 1952. Muka zazzage gwangwanin gaba ɗaya muka sami na 1956 guda huɗu, duk sunan Sarauniya Elizabeth ne a jiki. Bai ƙara mini ko sisi a kan wannan ƙarin dubawar ba.

To sai inda shagon ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Babban aibin shi ne, mai duba maka shi ne kuma mai saye. Yana gama yabon kwabon 1952 ya taya shi naira 8,000. Mai yiwuwa farashin adalci ne, amma alƙali ba ya sayen gonar da ya yi wa shari'a, kuma littafin da yake dogara da shi ya girmi ɗan yayata. Na ce sai na yi shawara da 'yan'uwa tunda kayan gado ne, bai matsa ba, ya ce hakan ya fi. Ba ya ba da takarda, ko 'yar shaidar cewa ya duba ya ce kaza, sai abin da ka riƙe a ka, don haka ka tafi da biro. Ba ya karɓar tiransifa. Ba ya son a nuna masa waya, ɗan yayata ya gwada sau ɗaya ya sha harara. In mai sayen takobi ko tsakiya ya zo, ajiye ka zai yi ya sallame shi, awa biyu da rabi muka yi a kan abin da bai fi na awa ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin da ya koya mini riƙe kuɗi ta gefe da yatsa biyu, nasa na sayarwa a cikin kwanon sha suke a zube suna gogar juna, ga na kan waya kuma. Da na yi masa magana ya ce waɗannan na masu yawon buɗe ido ne.

A ɗaya ɓangaren, muna zaune wani saurayi ya kawo naira biyu mai ƙarfe biyu, irin wadda Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, tsakiyarta ta juya ba ta daidaita da zoben ba. Baba ya nuna masa sawun inda aka buge tsakiyar aka mayar, ya ce ya riƙe kuɗin dubawarsa, wannan bai kai a biya ba. Wani kuma ya kawo kuɗin Turai na yanzu, ya ce masa shi iliminsa a kan na Afirka ta Yamma da na Najeriya da liyari ya tsaya, ya nemi wani. Wanda yake da gwangwani irin namu a gida, ya je da safe kafin rana ta bar bakin ƙofar, ya je da tsabar kuɗi, kada ya wanke komai, kada kuma ya sayar a ranar.

Da na tashi tafiya ya yayyaga tsohuwar takarda ya naɗe mini biyun nan kowanne daban, ya zuba sauran a leda. Sai ya ɗauki gwangwanin da kansa, ya juya shi, ya karanta gindinsa, ya shafa hoton da ke jiki da babban yatsa. Ya ce, "Wannan fa, ɗana, na sayarwa ne? Ba ka dai wanke shi ba ko?" Na ce ban wanke ba. Ya ba ni naira 1,500, na saka leda a aljihu muka fito ta wajen Jakara, ɗan yayata yana bayana yana tambayar ko akwai wani gwangwanin a ɗakin kaka.